Yadda muka kwashe kwalin faifan CD zuwa cikin kwamfutoci a Gombe, da manhajar da muka tsaya a kanta

Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su yanzu, sababbi da na gwanjo, yawancinsu ba su da gidan faifai. Amma faifan bai ƙare a hannun mutane ba. A cibiyar koyar da kwamfuta da nake kula wa da na'urori a cikin garin Gombe akwai kwali guda cike da su: na direban firinta da sikana (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura), na koyon buga rubutu, na ƙamus, na littattafan addini, da na bidiyon bikin yaye ɗalibai na shekarun baya. Wasu manhajojin ba sa buɗewa sai sun ga faifansu a ciki. Shugaban cibiyar ya kira ni ya ce, "Malam, ina so kafin sabon zango kowace kwamfuta ta yi aiki ba tare da an bi layin faifai ɗaya ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, zai yiwu, amma sai an ba ni kwalin gaba ɗaya in tantance." Hanyar ita ce a kwafe faifan dungurungum zuwa fayil ɗaya, sannan a sa wata manhaja ta nuna wa Windows cewa ga gidan faifai nan da faifai a ciki, alhali babu ƙarfe babu roba. Shi ne gidan faifai na kwaikwayo. Ga yadda aikin ya tafi daki-daki.

Na fara da tantance faifan tun kafin in sauke kowace manhaja, domin irin faifan da ke hannunka shi ke nuna manhajar da za ka buƙata. Kowanne sai na sa shi a tsohuwar kwamfutar tebur ɗaya da ta rage mana mai gidan faifai, in duba abin da ke ciki. In na ga setup.exe da autorun.inf da foldoji, to faifan manhaja ne, kuma fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai dungurungum a fayil ɗaya, ya ishe shi. In na ga Track01.cda da 'yan uwansa, kowanne bai wuce kilobait 1 ba, faifan sauti ne. Waɗannan ƙananan fayilolin alamu ne kawai, sautin ba ya cikinsu, shi ya sa wanda ya kwafe su zuwa filasha yake zuwa gida ya tarar ba komai. In na ga folda mai suna MPEGAV da AVSEQ01.DAT a ciki, VCD ne. In VIDEO_TS ce, DVD ne na bidiyo. Dalilin rarrabewar shi ne tsarin ISO yana ɗaukar bait 2,048 ne daga kowane yanki na faifai, kuma layi ɗaya kacal yake riƙewa, alhali faifan sauti yana amfani da bait 2,352 a kowane yanki kuma layukansa da yawa. Don haka faifan sauti ba ya zama ISO, sai dai BIN da CUE, wato fayil biyu: BIN na ɗauke da abin da ke faifan, CUE na nuna yadda layukan suka jeru. Na raba kwalin kashi huɗu, na ɗaure kowane kashi da kyauro, na ware wasu 'yan kaɗan da nake zargin suna da kariyar hana kwafi.

Mataki na biyu shi ne samun na'urar da za ta karanta su da kyau. Ta tsohuwar kwamfutar tana buɗe faifai, amma da an kai tsakiya sai ta fara ƙara tana komawa baya, saboda ƙurar hunturu ta riga ta cinye mata ido. Na tafi wajen masu gyaran kwamfuta da ke kusa da babbar kasuwa neman gidan faifai na waje, mai shiga ta USB. Shagon farko babu, na biyu aka ce sai an aiko daga Kano, a na uku na samu na hannu. Na ce wa mai shagon, "Maigida, ba zan biya ba sai mun gwada da CD da DVD duka." Wannan gwajin wajibi ne, domin haske daban ne ke karanta CD, daban ne ke karanta DVD, kuma ɗaya yana iya mutuwa ɗayan ya ci gaba da aiki. Wani abin lura shi ne wuta. Irin wannan na'urar daga ramin USB take sha, in ramin ba ya ba da isasshiya sai ka ji faifan ya tashi ya tsaya, ya tashi ya tsaya. Maganinsa a yi amfani da waya mai kai biyu, ko a sa ta a ramin baya na kwamfutar tebur, kada a bi ta na'urar da ke raba ramin USB ɗaya zuwa da yawa. Kafin in sa kowane faifai nakan goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Ba a gogewa a zagaye, domin ƙarzar da ta bi zagayen faifan ita ce ke lalata dogon layin bayanai a jere.

Kwafewar ita ce ta ci lokaci, kuma ita ce ainihin aikin. Na yi amfani da ImgBurn, kyauta ce, fitowarta ta ƙarshe 2.5.8.0 tun 2013, amma har yanzu tana aiki a Windows 10 da 11. Wajen saukewa a kula, shafukan da ke tara manhajoji sukan cika da manyan maɓallan Download na talla, na gaskiyar yana ƙarami a gefe. Wajen girkawa ma a karanta kowane shafi, duk inda aka yi tayin ƙarin wata manhaja a cire alamar. In ta buɗe sai a zaɓi Create image file from disc, a nuna mata inda za ta ajiye, a saita saurin karatu. Ni na bar CD a 8x, DVD a 4x, saboda yawancin faifanmu sun sha hannu. Lissafinsa mai sauƙi ne: 1x na CD kilobait 150 ne a daƙiƙa, don haka cikakken faifai mai megabait 700 yana cin wajen minti 10 a 8x, DVD mai gigabait 4.7 kuma wajen minti 15 a 4x. Faifai mai ƙarza yana ninka wannan, domin na'urar za ta yi ta maimaita yankin da ya gagara. Zaman yana da gundura ƙwarai, ga shi ba a iya tashi a bar shi, sai an canza faifai. Da kwamfutar hannu mai batir mai kyau na yi aikin, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, kafin a tada janareta fayil ɗin ya lalace, sai an faro daga farko.

A cikin saitin ImgBurn akwai zaɓin Ignore Read Errors, wato ta tsallake yankin da ya ƙi karantuwa. Ga bidiyo ana iya yarda da shi, abin da za a rasa ɗan tsalle ne a hoto. Ga faifan manhaja kuwa kada a taɓa shi. Fayil ɗin zai kammalu, zai ma buɗe lafiya, sai an kai kashi tamanin na girkawa ta tsaya da saƙon cewa wani fayil ya lalace, mutum ya yi ta zargin kwamfutarsa. Faifan ƙamus ɗinmu ya ƙi wuce wani yanki a na'urar waje, amma da na kai shi wajen wani abokin sana'a mai babbar na'urar tebur ya karantu tsaf. Na'urori sun bambanta wajen haƙuri da ƙarza, don haka kafin a yanke wa faifai hukunci a gwada shi a wata.

Daga nan sai ajiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke cin karo da saƙon da ke ɗaure kai. Filasha mai gigabait 32, babu komai a cikinta, amma ta ce fayil ya yi mata girma. Dalili shi ne yawancinsu da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. ISO na CD yana shiga, na cikakken DVD ba ya shiga, balle mai hawa biyu da ke kai gigabait 8.5. Sai an sake tsara filashar zuwa exFAT ko NTFS, kuma tsarawar tana goge duk abin da ke ciki, a kwashe shi tukuna. Ga BIN da CUE, dole su zauna a folda ɗaya. In ka canza wa BIN suna, buɗe CUE da Notepad ka gyara sunan da ke layin farko, in ba haka ba za ta nemi ɗan uwanta ta rasa. Kowane fayil na ɗauki lambar tantancewarsa a Command Prompt da umarnin certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256, na tara lambobin a takarda ɗaya. Bayan kwafewa zuwa wata kwamfuta sai in sake gudanar da umarnin. In lamba ta zo daidai, kwafin ya isa lafiya. Da wannan ne na gano wata filasha ta jabu da ke nuna girman da ba ta da shi, tana karɓar fayil tana lalata shi a ɓoye.

Sai a wannan gaɓar na zo kan zaɓen manhajar, kuma na fara da abin da Windows ke da shi a jikinsa. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, har 10 da 11, ba a buƙatar komai don buɗe ISO. Danna shi sau biyu, ko ka danna dama ka zaɓi Mount, sai sabon gidan faifai ya bayyana a This PC. In an gama a danna dama a kansa a zaɓi Eject. A wasu kwamfutocinmu kalmar Mount ba ta fito ba sam, saboda an girka WinRAR kuma ya karɓe fayilolin ISO a matsayin nasa. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: danna dama, Open with, a zaɓi Windows Explorer, a sa alamar a riƙa buɗewa da shi kullum. Da wannan kaɗai fiye da rabin buƙatarmu ta biya ba tare da an kashe kobo ko megabait ɗaya ba, abin da ya sa na ji sanyi a raina. Amma yana da iyaka. Ba ya buɗe BIN da CUE, ko NRG na Nero, ko MDF da MDS na Alcohol 120%. Ba ya ƙirƙirar ISO daga faifai. Shi ke zaɓar harafin da zai ba gidan faifan, kuma da an kashe kwamfuta an kunna, gidan ya ɓace. Sannan muna da kwamfutocin da ke kan Windows 7, wanda Microsoft ya daina tallafa wa tun 14 ga Janairu 2020. Shi yana iya ƙona ISO a kan faifai, amma ba ya iya buɗe shi.

Don cike wannan giɓin na ware kwamfuta ɗaya ta gwaji, ina girka manhaja ɗaya, in gwada, in cire, in sake kunna kwamfutar, sannan in sa ta gaba. PowerISO da UltraISO na fara dubawa saboda su aka fi sani a shagunan gyara. Dukansu na kuɗi ne, da dala ake biya, kuma wanda bai biya ba ba zai iya ƙirƙira ko gyara fayil da ya wuce megabait 300 ba, wato bai kai rabin CD ba. Kowacce kuma tana da nata tsarin na musamman, DAA ga PowerISO, ISZ ga UltraISO, wanda in ka ajiye kayanka a ciki ka ɗaure kanka da manhajar da ta san shi. Wani yaron shago ya ce min, "Oga, akwai wadda aka fasa, in tura maka?" Na ce a'a. Manhajar gidan faifai direba take dasawa a can cikin Windows da izinin mai gida, don haka in aka cusa mata bairos an ba shi makullin ɗaki gaba ɗaya, a wurin da ɗalibai ke soka filasha daga safe har yamma.

DAEMON Tools Lite ita ce mafi ƙarfi a cikin waɗanda na gwada. Ta kyautar tana ba da gidan faifai har 4, tana nuna talla, tana buɗe kusan kowane tsari, kuma tana iya kwaikwayon faifai mai haɗe da manhaja da layukan sauti. Amma ga ɗakin da buƙatarsa buɗe ISO ce, sa ta a kowace kwamfuta kamar ɗaukar hayar tirela ne don kai buhu ɗaya kasuwa. Virtual CloneDrive ta kamfanin Elaborate Bytes kyauta ce ba talla, ana gane ta da hoton tunkiya a kan gidan faifan, tana ba da har guda 15, kuma tana da zaɓin mayar da faifan ƙarshe da kanta bayan an kunna kwamfuta. Gidajenta suna zaune dindindin ko babu komai a ciki, wanda wasu ke so, amma ba ta ƙirƙirar ISO. Ta ƙarshe ita ce WinCDEmu ta Sysprogs, kyauta, lambobinta a buɗe suke ga kowa, girmanta bai kai megabait 2 ba, ko da data ta ragowar wata ana sauke ta. Tana buɗe ISO, CUE, NRG, MDS, CCD da IMG, ba ta da iyakar adadin gidaje, kuma danna dama a kan faifan gaske yana ba da zaɓin mayar da shi ISO. Ba ta kunna layukan sauti, wannan shi ne rauninta. Ita na zaɓa wa kwamfutocin Windows 7 da duk wadda ke buƙatar faifai ya zauna dindindin.

Wajen girka WinCDEmu, Windows zai tambaya ko ka yarda a sa direba, sai ka amince, kuma sai da asusun mai cikakken iko. In ka danna ISO sau biyu ƙaramin akwati zai fito yana tambayar harafi. A nan akwai dabarar da ke hana ciwon kai daga baya. Manhajoji da yawa suna rubuta harafin da aka girka su daga kansa, su riƙa neman faifansu a nan har abada. In ka girka daga E, gobe ɗalibi ya soka filasha ta karɓe E, sai manhajar ta ce a sa faifai alhali yana nan a F. Don haka na zaɓi harafi mai nisa, V, a dukkan kwamfutocin, na sa alamar Keep drive after restart, sannan na girka manhajar daga V ɗin. Manhajar littattafan addini mai faifai fiye da ɗaya kuwa, in ta nemi na biyu, a fitar da na farko da Eject, a ɗora na biyu a kan harafin nan dai, sannan a danna OK. In aka ɗora shi a wani harafi ba za ta gan shi ba. Kada kuma a tara irin waɗannan manhajoji biyu ko uku a kwamfuta ɗaya. Kowacce da direbanta, suna rigimar wa zai buɗe ISO, kuma sukan bar gidajen da ba sa fita ko bayan an cire su. In hakan ta faru, a buɗe Device Manager, a kunna Show hidden devices, a duba ƙarƙashin DVD/CD-ROM drives a cire ragowar. A Windows 11 akwai tsaron da ake kira Memory integrity, wanda ke hana wasu tsofaffin direbobi tashi. In ya hana, ra'ayina a bar tsaron a kunne, a koma wa Mount na Windows, in ana so ya riƙa dawowa da kansa a sa umarnin Mount-DiskImage na PowerShell a cikin Task Scheduler ya gudana lokacin shiga.

Kashin sauti da na VCD ashe ba su ma buƙatar gidan kwaikwayo. Na sauti na juye su zuwa MP3 da Rip CD na Windows Media Player, na VCD kuma na kwafe fayilolin DAT daga foldar MPEGAV, VLC na kunna su kai tsaye. ISO na DVD ma VLC na buɗe shi ba sai an ɗora ba. Faifan koyon turanci guda ɗaya ne ya haɗa manhaja da layukan sauti, shi na ajiye a BIN da CUE, na sa DAEMON Tools Lite a kwamfuta ɗaya tak dominsa. Faifan direbobin firinta na kwafe su don tarihi kawai, domin direban da ke shafin kamfanin ya fi na faifan sabunta, kuma na faifan galibi bai san Windows 11 ba. Waɗanda na ware da zargin kariya, wasu tsofaffin wasannin yara ne masu SafeDisc. Kwafinsu ya kammalu amma sun ƙi tashi, kuma ko da faifan asali ba za su tashi a Windows 10 ba, domin Microsoft ya cire direban da wannan kariyar ke dogaro da shi. Na bar su a kwali. Na kuma gaya wa shugaba cewa kwafin faifai ba ya ƙara yawan lasisi: manhajar da aka saya wa kwamfuta ɗaya, ta kwamfuta ɗaya ce ko da ISO ɗinta zai shiga ashirin. Ya sa aka nemo takardun sayen, muka bi adadin da ke ciki.

Akwai tambayar da ɗalibai suka yi ta yi min: ko da wannan gidan faifan za a iya sa wa kwamfuta sabon Windows? In Windows na aiki kuma ɗaga shi kawai ake so, ana iya ɗora ISO a danna setup.exe. Amma in kwamfuta ta ƙi tashi, ko ana so a goge komai, ba zai yiwu ba, domin gidan yana rayuwa ne a cikin Windows, da an kashe shi ya tafi. Wannan aikin filasha ce mai aƙalla gigabait 8 da Rufus, manhajar da ke shirya filasha ta iya tada kwamfuta, ko Ventoy ga mai son tara ISO da yawa a filasha ɗaya ya zaɓa lokacin kunnawa. Na kuma ja kunnensu kan ISO da IMG da ke zuwa ta imel da sunan rasit ko takardar ɗaukar aiki. Sauƙin buɗewar nan ya sa masu yaɗa bairos suna ɓoye kayansu a ciki, kuma babu ma'aikatar da za ta aiko maka takarda a cikin faifai.

Kuɗin da aka kashe gaba ɗaya na gidan faifai na hannu ne, da babbar ma'ajiya ta waje guda ɗaya, da man janareta. Manhaja ko ɗaya ba a saya ba. Fayilolin suna wuri biyu, a kwamfutar ofis da a ma'ajiyar waje da ke kulle a durowar shugaba, tare da takardar lambobin SHA256. A kowace kwamfuta na ajiye su a folda ɗaya a C, na hana asusun ɗalibai ikon gogewa ko canza suna, domin in fayil ya motsa daga inda yake gidan V zai tashi fanko. Faifan asali na mayar da kowanne cikin kwansonsa, na jera su a tsaye a kabad ɗin da rana ba ta kaiwa. Waɗanda aka ƙona a shago, masu bayan kore ko shuɗi, su na fara kwafewa tun farko, saboda rininsu ba ya jure zafin Maris da Afrilu na Gombe kamar waɗanda aka buga a masana'anta.